Ludayin Raliya

"Fura ba sukari? Baiwar Allah, wa ya ɓata miki rai haka?"

Raliya ta juyo a fusace. Wani dogon saurayi ne zaune kan moto a gaban rumfar Inna Kaltuma mai nono, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Rana ta take a Kasuwar Dole, amma ita hannun rigarta har wuyan hannu, ƙafarta cikin safa.

"Cikina ne ko naka?"

"Naki ne. Inna, a dama mini irin nata, in ji abin da ake ji."

Kurɓa ɗaya ya yi ya yamutse fuska, har sai da dariya ta ƙwace mata. Sunansa Abdul'aziz, yana da butik, shagon sayar da wayoyi, a unguwar Zango, iyayensa Kanawa ne da fatauci ya zaunar da su Damagaram. Ita kuwa 'yar Malam Sallau baduku ce a Birni, sakatariya a wata lekol, makarantar boko. Tun daga ranar ya laƙaba mata suna Furata.

Da ta ga abin ya wuce wasa, wata La'asar a zauren gidansu ta naɗe hannun riga ta nuna masa gwiwar hannunta. Tabo ne baƙi-baƙi, bakinsa da ɗan farin ɓawo.

"Gara ka gani tun yanzu. Lokotoro, likitan da ke duba ni, ya ce sunansa soriyazis. Ba kuturta ba ne, ba a ɗauka, amma ba ya barin mutum; kwanciya yake yi ya tashi. Ya ce a hanjin kowa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, abin da ka ci shi suke ci, kuma ana zaton in sun rikice fata takan amsa. Bai yi mini alkawari ba. Ni dai tun da na kama rejim, wato ƙa'idar abinci, gero da wake da zogale da kindirmo, na bar maiƙo da zaƙi, ina shafa maganina, na samu lafiya. In za ka tafi, ga hanya."

"In je ina, Furata? Ni na riga na saba da fura ba sukari." Ya sosa ƙeya. "Abu ɗaya dai. Kada mahaifiyata Hajiya ta ji. Kin san tsofaffinmu, da sun ji ciwon fata sai su fara tonon asali."

Maganar ba ta yi mata daɗi ba, amma so ya sa ta yarda.

Aka kawo gaisuwa, aka sa rana, aka kawo lefe. Saura mako uku biki sai Hajiya Larai, mahaifiyar ango, ta aiko da babbar kara: ta ɗauko Ya Shatu, Babarbariya mai gyaran amare wadda babu kamarta a garin, ta zo ta tare a gidansu Raliya. Kullum kuma sai kwanuka sun iso daga Zango. Kaza cikin man shanu, gumba da madara da sukari, soyayyen nama, lemun kwalba kwali guda.

"Hajiya ta ce ba za a kai mata amarya kamar sillen kara ba," in ji Ya Shatu. "Kwanon nan kuma wayam zai koma."

Wace amarya ce za ta mai da kwanon suruka da abinci a ciki? Raliya ta shige ɗaki ta rubuta masa:

"Abdul, abincin nan zai tayar mini da ciwo. Matar kuma ta ce za ta yi mini dilka da halawa, ni ko an hana ni dirzar fata. Don Allah ka gaya wa Hajiya gaskiya."

Amsa ta zo nan take:

"Haba Furata, kwana nawa ne? Ki daure, kada a ce kin raina kyautarta. Bayan biki ni da kaina zan riƙa dama miki."

Ta daure. Ta ci tana hawaye. Ya Shatu ta ga tabon gwiwar hannu ta ce, "Wannan? Na kankare wanda ya fi shi," ta ƙara ƙarfin dirza. Maganin shafawa ma ta ɓoye shi, wai warinsa na kashe turare.

Kwana goma sha biyu, jikin Raliya ya tashi. Duk inda dilka ta bi ya yi fegi-fegi, baya, ƙwauri, har goshi, farin ɓawo na zuba kan tabarma kamar dusa. Ya Shatu ta yi salati ta ja da baya, ta wanke hannu da toka har sau uku, ta tare kabu-kabu sai Zango.

Kafin Azahar magana ta gama gari: 'yar Sallau baduku kuturwa ce, an so a rufe a cuci yaro.

Gwaggwannin ango suka zo ɗaukar lefe, ba wadda ta yarda ta zauna. Raliya na jin su daga ɗaki.

"Ashe shi ya sa kullum cikin safa! Mu dai babu wannan a danginmu. Ga Hafsat 'yar ƙanin Hajiya a Kano, jiki sumul."

Mahaifinta ya bar musu tsakar gida. Ya zauna a zaure da wata jaka da ya fara ɗinkawa, allura a hannu, har yamma bai soka ta ba. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Ta jira Abdul'aziz ya buɗe baki ya ce ya sani tun farko. Kwana tara shiru. A na goma saƙo ya shigo:

"Furata, ina lallashin Hajiya. Ki ba ni lokaci."

Ta mayar:

"Ka gaya mata ka ga hannuna tun kafin ka aiko? In ba ka gaya mata ba, sunana Raliya."

Lokotoro ya yi faɗa da ya gan ta. Ya ce dirzar nan kaɗai ta isa, balle barin magani da tashin hankali. Abincin kuma bai taimaka ba. Ya rubuta sabon ordinas, takardar magani, ta koma rejim ɗinta. A hankali wutar ta fara lafawa, banda ta zuciya.

Ranar da ta fara komawa rumfar nono, Inna Kaltuma ta sunkuyar da kai ta jawo wata ƙwarya daban daga ƙarƙashin tebur, da wani tsohon ludayi da aka ɗaura wa jan zare.

"Kada ki ji haushina, 'yata. Masu saye ne suka ce in ba haka ba sun daina zuwa."

Shekara huɗu tana sha a rumfar nan. Ta karɓa, ta kurɓa sau ɗaya.

Sai ta ji an zare ludayin daga hannunta. Abdul'aziz ne, ya rame, idanu jajur. Ya ɗebo fura ya sha a gaban kowa, ya ƙara, ya ƙara.

"Jama'a ku shaida!" muryarsa har layin masu goro. "Na san ciwon nan tun kafin in nemi aurenta. Ita ta nuna mini, ni na ce ta ɓoye. Ta roƙe ni in hana a dirje ta, na ƙi, don tsoro. In akwai macuci a maganar nan, ni ne."

"Ka makara," ta ce a hankali. "Ubana aka kira maƙaryaci a zaurensa."

"Daga can nake. Na durƙusa masa. Na kuma kai Hajiya wurin lokotoronki, ta ji da kunnenta."

"Ta yarda?"

"Ta ce ta ji." Ya sunkuyar da kai. "Ban da bakin roƙonki, Raliya. Amma ina roƙo."

Wata uku ta ja shi kafin ta bari ya sake kiranta Furata.

Aka ɗaura aure bayan Sallar Layya, a zauren Malam Sallau. Babu dilka, babu halawa, lalle a tafin hannu kaɗai. Rabin dangin ango ba su zo ba. Raliya ta ƙirga tabarmin da aka shimfiɗa ba a zauna ba, ta daina ƙirgawa.

Washegari da hantsi Hajiya Larai ta shigo ɗakin amarya ɗauke da ƙwarya rufe da faifai.

"Da hannuna na dama. Ban sa sukari ba."

Raliya ta durƙusa ta karɓa, ta buɗe. Ludayi biyu ne a ciki.

Ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Abdul'aziz ya miƙa hannu ya cire ɗaya, ya ajiye gefe. Ta sha, ta miƙa masa, ya sha.

Hajiya ta daɗe tana kallon ludayin da ke ƙasa. Ba ta ɗauka ba, ba ta kuma ce a ba ta nasu ba. Ta dai matso, ta ɗora tafinta a kan Raliya, daidai tabon goshi, ta bar shi a nan.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya sa ciwon nan ya kwanta ya manta hanyar tashi. Ya ba ku zuri'a mai albarka."

"Amin, Hajiya," in ji Raliya, hawaye na ɗiga cikin furar.