Ƙwan Zabi a Bayan Rumbu

A Ollelewa, tun Nasara ba su iso Damargu ba, Rahamatu tana daka a tsakar gida tana satar kallon ɗanta Ila. Sata dai, don ɗan fari ne: ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Da aka yaye shi sai ya koma ɗakin kakarsa Asibi, uwar Manzo, mijin Rahamatu.

Asibi ba muguwa ba ce, sai dai akwai ta da son gishiri da dabino. Nonon awakin gidan kaf ayarin Buzaye take kai wa a yi musaya, yaro kuwa kunu tsararo safe da yamma. Cikin wata uku gashin Ila ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura. Rahamatu tana gani, abin yana cin ranta, amma kunya ta ɗaure mata baki.

Sai ta shiga tsinto ƙwan zabi a daji, ta dafa, ta tatsi nono kaɗan, ta ja yaron bayan rumbu. Rana ta shida Asibi ta ritsa su, ga gwaiduwa dumu-dumu a bakin Ila.

"La'ilaha illallahu! Ƙwai? Ɓarawo za ki mai da mini jika? Kuma ɗan fari, ke ko kunya! Manzo! Zo ka mai da ta gidan ubanta yau ɗin nan!"

Maƙwabta suka leƙo ta kan darni. Rahamatu ta durƙusa ta rufe fuska da gefen zane, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Manzo yana son matarsa kamar ransa, amma bai taɓa musa wa uwarsa ba. Ya ce wa matar ƙasa-ƙasa, "Me ya kai ki?"

Cikin kuka ta ce, "Maigida, na yi rashin kunya, zan tafi. Amma don Allah ɗaga shi sau ɗaya ka ji."

Shi ma gogan naka tun ranar suna bai taɓa ɗaukar yaron ba. Ya sunkuya ya ɗaga, sai ya ji shi sakayau kamar busasshiyar ƙwarya. Ya latsa ƙafar, yatsansa ya bar rami. Kunya ta rufe shi, ya kasa kallon matarsa.

Ya durƙusa ya ɗora yaron a cinyar Asibi. "Inna, ji nauyin jikanki. In har yanzu kin ce ta tafi, ni zan raka ta."

Asibi ta shafa haƙarƙarin yaron ɗaya bayan ɗaya.

"Wayyo ni Asibi! Da hannuna na yi wannan?" Ta share hawaye. "Tashi, 'yar nan. Akwai sauran ƙwan? Ɗauko, ki ba shi a gabana."

Daga ranar nono ya daina fita gidan sai Ila ya sha, aka haɗa masa da wake da miyar kuka. Kafin a yanke hatsi yana bin awaki da gudu.

Kunya abu ne mai kyau, amma ba a yin ta da cikin yaro. Kunu kaɗai ba ya gina jiki, kuma wanda ya ga yaro yana ramewa ya yi shiru, shi ne ya yi abin kunya.