Jan Gargaɗi a Shafin Manoma

Aina'u ta fara ganin Uwaisu ne a rumfar ƙungiyar manoman ƙauyensu da ke bayan Gezawa, ranar da ta kai wa mahaifinta Malam Nababa, shugaban ƙungiyar, fura. Uwaisu na zaune da kwamfuta a cinya, yana haɗa musu shafin intanet na rajistar taki. Ya ɗago suka haɗa ido, ta rasa inda za ta ajiye ƙwaryar.

Kafin ruwan farko sun shaƙu. Yakan turo mata: "Ainata, yau na kasa aiki, kuma laifinki ne."

Ana haka wa'adin satifiket ɗin tsaron shafin, wato shaidar da ke nuna shafin ba na bogi ba ne, ya ƙare. Uwaisu ya tura sabo ga kamfanin da ke ɗauke da shafin, saura lambar tabbatarwa da za a aiko wa wayar ƙungiya. Wayar tana hannun sakatare Hashimu, wanda Aina'u ta ƙi aurensa tun bara. Ya rantse babu abin da ya shigo.

Kwana tara duk wanda ya buɗe shafin sai jan gargaɗi ya tare shi. Lokacin rajista ya wuce, gida arba'in suka rasa taki. Hashimu ya baza cewa Uwaisu ɗan damfara ne. A ƙofar masallaci Malam Nababa ya ce wa Uwaisu, "Kada in sake ganin ƙafarka a gidana."

Aina'u ma ta yarda da zancen, ta daina ɗaga kiransa. Saƙonsa na ƙarshe ya ce: "Kowa ya zarge ni zan jure, Ainata. Ke ce ban zata ba."

Wata biyu bayan nan aka kawo wayar ƙungiya caji gidansu. Zuciyarta ta ƙi kwanciya, ta buɗe saƙonnin da aka share. Ga lambar nan, sau uku kamfanin ya aiko ta. Ta miƙa wa mahaifinta tana kuka. Ya duba, ya gane Hashimu ne ya share su.

Bayan kaka aka ɗaura aurenta da Uwaisu, rumbuna ko rabi ba su cika ba. Malam Nababa ya sa musu albarka, amma bai taɓa wanke Uwaisu a gaban jama'a ba, har yau akwai masu kauce masa a kasuwa.

Da aka kai ta ɗakinta ta durƙusa ta ce, "Yaya Uwaisu, ka yafe mini."

Ya ɗago ta a hankali. "Na yafe tuntuni, Ainata. Mantawar ce za ki taya ni."