Kifayen da Suka Guji Hannun Kaka

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da kowa yake kira Gajimare. Ko ana tsakiyar darasi, sai ka ga idonta yana waje, tana kallon sama. Darasin kwamfuta ne kaɗai yake dawo da hankalinta ƙasa.

Wata rana Malama ta ce, "Kowa zai haɗa 'yar ƙaramar manhaja da ake sarrafawa da yatsa a fuskar waya. Ku zaɓi abin da ranku yake so."

Gajimare ta tuna da kakarta. Wata uku ke nan Kaka ba ta fita ba saboda ciwon ƙafa. Kullum tana zaune a gado, kusa da taga.

Ta ce a ranta, "Zan kai mata tafki har kan gadonta."

Sati biyu tana aiki. Ta zana ruwa shuɗi mai ƙyalli. Ta zana kifaye bakwai, har da wani ɗan mitsitsi mai jan bindi. Sannan ta rubuta umarni biyu. In an ɗora yatsa aka tsaya cak, kifaye su taru. In an ja yatsa, ruwa ya kaɗa, su watse.

Ta gwada da yatsanta. Kifayen suka zo a hankali, suna lilo. Har ji ta yi kamar sanyin ruwa yana taɓa ta.

Malama ta leƙo ta ce, "Kai, ya yi kyau! Wa ya gwada ban da ke?"

"Ni kaɗai, Malama. Ai yana aiki."

"Ba kowane hannu ne irin naki ba. Ki ba mutum biyu ko uku su gwada."

Ta ce, "To, Malama." Amma hankalinta ya riga ya nutse cikin tafkin, ba ta ba kowa ba.

Da ta koma gida, ta saka manhajar a wayar Mama, ta ruga ɗakin Kaka.

"Kaka, rufe idonki! Na kawo miki tafki."

Kaka ta yi dariya. "Ke dai ba kya rabo da shirme. In kin jiƙa mini katifa, a ƙasa za ki kwana."

Da ta buɗe ido ta ga kifaye, sai fuskarta ta washe.

Gajimare ta ce, "Ɗora yatsanki ki tsaya cak. Za su zo su gaishe ki."

Kaka ta ɗora. Amma hannun Kaka yana rawa, kamar yadda na tsofaffi da yawa yake yi. Nan take ruwa ya kaɗa, kifaye suka watse. Ta sake ɗorawa, suka sake gudu. Sau biyar tana gwadawa.

Kaka ta ce a hankali, "Oh, har kifin gilashi ma gudun tsohuwa yake."

Ran Gajimare ya ɓaci. Ta fizge wayar.

"Haba Kaka! Na ce ki tsaya cak! Ke ce ba ki iya ba."

Kaka ta dubi hannunta. Ta cusa shi ƙarƙashin bargo, ta juya fuskarta wajen taga.

Ashe Mama tana bakin ƙofa. Ta kira Gajimare waje.

"Wannan hannun da kika raina," in ji Mama, "shi kika riƙe kika koyi tafiya."

Gajimare ta sunkuyar da kai. Ranar ko abinci ba ta iya ci sosai ba.

Washegari ta gaya wa Malama duk abin da ya faru. Malama ta zaunar da ita.

"Waya ba ta ganin mutum," in ji ta. "Abu uku kawai take gaya wa manhaja: yatsa ya sauka, yatsa ya motsa, yatsa ya tashi. Ɗora naki, ki ɗan girgiza shi."

Gajimare ta yi haka. Kifaye suka watse.

"Kin gani? Kin ce musu in an ja yatsa su gudu. Ba ki koya musu bambancin ja da rawar hannu ba."

Idon Gajimare ya cika da ƙwalla. "Ashe laifina ne, ba na Kaka ba."

"Ana iya gyarawa. Ki sa manhajar ta shata 'yar da'ira a inda yatsa ya sauka. Muddin bai fita daga cikinta ba, a ɗauka tsaye yake."

"Yaya girman da'irar zai kasance?"

Malama ta yi murmushi. "Wannan ba ni zan gaya miki ba. Hannun kakarki za ki tambaya."

Da yamma Gajimare ta durƙusa a gaban gado.

"Kaka, ki yafe mini. Kifayena ne ba su da tarbiyya. Ki taya ni mu koya musu."

Kaka ta harare ta da wasa. "Ai halin uwarsu suka ɗauko." Sannan ta fito da hannunta.

Wannan karon Gajimare ba kifi take kallo ba. Hannun Kaka take kallo. Ta ga iya nisan da yatsan yake kaiwa in yana rawa. Ta kuma lura Kaka tana jingina gefen tafinta a gilashin, waya tana ɗauka wani yatsa ne. Ta rubuta duka a littafinta.

Ta gyara a makaranta, ta dawo. Da'irar ta yi ƙanƙanta. Ta koma ta faɗaɗa ta. Ta kuma koya wa manhajar ta ƙyale taɓi mai faɗi irin na tafin hannu.

A rana ta uku Kaka ta ɗora yatsanta. Yana rawa kamar kullum. Ruwa bai kaɗa ba.

Kifi ɗaya ya juyo. Wani ya biyo shi. Suka taho a jere, suka kewaye yatsan Kaka. Hasken rana ya faɗo kan gilashin, ya haska silin. Gajimare ta ga kamar ɗakin duka ya zama ruwa, gadon kuma ya zama kwalekwale, ita da Kaka suna yawo a kai.

Kaka ta raɗa mata, "Yi shiru, kada ki kore mini baƙina."

Can Mama ta leƙo. "A ba ni wayata, zan yi kira."

Kaka ta ce, "Jira tukuna, ba mu gama gaisawa ba." Duk suka fashe da dariya.

Ranar da aka nuna aiki a aji, Malama ta tambayi Gajimare abin da ta koya.

Ta miƙe ta ce, "In ka yi wa mutum abu bai iya amfani da shi ba, kada ka yi saurin ɗora masa laifi. Ka fara duba aikinka. Ka kuma ji shawarar manya tun kafin ka ɓata ran wanda kake ƙauna."