Rawayar Riga

Wayyo duniya! Tururi ya cika ɗakin wankin otal, zufa na karyo wa Mai Guga, amma hankalinta yana ƙarƙashin tebur, inda 'yarta Auta take kwance tana numfashi da kyar. Ciwon asma ne ya sake tasar mata, abin shaƙar kuma ya ƙare, babu halin sayen wani.

A ɗakin nan riga ce ke yanke wa mutum albashi. 'Yan ƙasa shuɗiya suke sawa, baƙi rawaya, kuma mai rawaya rabin na mai shuɗiya take karɓa, ko da hannunta ya fi na kowa ƙuna. Mai Guga aure ne ya kawo ta ƙasar. Mijin na rasuwa, yayansa, wanda shi ne shugaban ɗakin wankin, ya miƙa mata rawaya ko kunya babu.

Ta ajiye dutsen guga, ta je ta durƙusa gabansa hawaye shaɓe-shaɓe.

"Yaya, don girman Allah ka duba mu... 'Yar ƙaninka ce ke kwance can."

"Ke, rufa min baki! Abin da muke ba ki, a ƙasarku dukiya ne. Can ai komai araha."

"To Yaya, a can nake zaune? Mai kemis bai taɓa tambayata ƙasata ba kafin ya faɗi kuɗin magani, haka mai gidan haya..."

Ya ja tsaki, ya ce in ta ƙara kawo yarinyar wurin aiki, rawayar ma sai ta gagare ta. Kaico! Ga mai gidan haya ya riga ya fitar musu da katifa waje, ga wannan kuma. Ta tuɓe rigar ta lulluɓa wa Auta da ke rawar ɗari, tana cewa, "Ya Allah, ban da kowa sai Kai. Kada Ka karɓe min ita."

Wata tsohuwa da ke ninke zannuwan gado ta ajiye aikinta. Ta cire shuɗiyarta ta jefar a ƙasa. Sauran matan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, injuna suka yi tsit.

Da zannuwa suka ƙi isowa sama, mai otal ta sauko da kanta. Ta ga riguna a zube, ta ji kukan ƙirjin yarinya, tsohuwa kuwa ta zayyana mata komai.

Mai otal ta dafe ƙirji. "Rabi? Ni ban taɓa raba albashin gidan nan biyu ba! Cikakke nake bayarwa, ina sauran yake tafiya?"

Yaya ya hau kame-kame. Ashe cikinsa sauran kuɗin yake tafiya! A gaban matan masu gadi suka tisa ƙeyarsa, babu wadda ta tausaya masa.

A motar mai otal aka kai Auta asibiti, aka sa mata iska, numfashi ya dawo. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da sai dai wani labarin. An mayar wa Mai Guga haƙƙinta duka, aka kwashe riguna masu launin rawaya aka ƙona.

Guda ɗaya ce ta tsira. Auta ta ƙanƙame ta a gadon asibiti ta ƙi saki, wai ƙamshin Umma take yi. Mai Guga ta kifa kai a kanta, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.