Fasinjojin da Ba a Sauke Ba

Kunne ake ce masa a gareji, don inji in ya yi tari sau ɗaya ya gano ciwonsa. Amma a-kori-kurar ƙanensa ta ba shi kunya. Sati biyu tana shan dizal kamar an huda tanki, salansa kuma na zafin da har fentin gefe ya fara ɓarewa. Ya canza filta, ya wanke nozul, ya ɗaga tayoyi ya juya ko birki ne ke riƙewa. Komai lafiya lau. Ga shi gobe da safe a bayan motar nan matarsa da 'ya'yansa mata uku za su zauna, za a kai su gaida tsohuwa.

Da yamma liƙis ya sake shiga ƙarƙashinta. Nan idonsa ya faɗa kan sifirin na baya, ƙarafan da ke ɗauke da nauyin bodi. Sun miƙe sun kwanta kamar an ɗora buhun siminti talatin. Ya fito ya leƙa bodi. Igiya ce kawai da tsohuwar tayar safaya.

"Kai, Sai-Gaba, zo nan." Sunan da direbobi suka laƙa wa ƙanen ke nan, don shi da birki ba sa ga maciji. "Injin nan ba shi da ciwo, kaya yake ja. Me ka ɗauko?"

"Haba Yaya, wane kaya? Ba ga ta nan wayam ba?"

"Tambayarka nake yi."

Sai-Gaba ya sosa ƙeya, ya rage murya. "Ran nan da magariba, a gindin hawan nan na bayan gada, wasu suka tsayar da ni. Suna da yawa, har da mai goyo. Na ce su hau baya. Na duba madubi ban ga kowa ba, na ce ko sun fasa ne. Ina kaiwa kan tudu, daidai tsohuwar rijiya, sai na ji an buga rufin mota sau uku."

Duk wanda ya taɓa hawa bayan a-kori-kura ya san wannan bugun. Direba tsaya, mun iso.

"Ka tsaya?"

"Yaya, wa zai tsaya? Totur na ƙara."

"Amma kai dai an yi sakarai! Ka ɗauki bayin Allah ka ƙi sauke su, sati biyu kana gantali da su?" Faɗa yake yi, amma hankalinsa na kan tafiyar gobe. Ya tuna autarsa da ke son zama can ƙurya, ta jingina da gilashin baya. Ya miƙa hannu. "Ba ni makulli. Kai ka zauna nan."

Rana ta faɗi lokacin da ya haye gada. Hanya ba kowa. Yana shiga hawan, motar ta fara nishi. Ya dawo giya ta biyu, ta ƙi. Ya sa ta ɗaya. Ƙaurin roba da ƙonannen fenti suka cika gaban motar, zafi ya ratso takalminsa daga ƙasa.

Sai ya ji motsi a baya. Irin na mutanen da suka gaji da zama, suna gyara ƙafa.

Ya kalli madubi. Igiya da safaya.

Jariri ya yi ɗan kuka, aka jijjiga shi ya yi shiru.

Gilashin da ke bayan kansa ya yi hazo, kamar ana numfashi a jikinsa. Wata murya ta ce a hankali, "Ba shi ba ne."

Wata ta amsa, "Jininsu ɗaya."

Allurar zafi ta kwanta a ja. Kunne ya fara addu'a a zuci. Ga rijiyar can, da karyayyen murfinta.

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

Ya taka birki. Birki ya tafi har ƙasa, motar ba ta ko waiwaya ba. Nauyin ya turo ta, tudun ya fara gangara, gaba kuma kwana ce da rami. Ya fizgo birkin hannu da hannu biyu. Tayoyi suka yi ƙara, ta ja, ta ja, ta tsaya.

Ya fito, ya zagaya baya. Salansa ya yi jajir kamar garwashi. Ya kama ƙofar bodi, ƙarfen ya ƙone masa tafi, bai saki ba sai da ya sauke ta.

"Mun iso," ya ce. "Ku yi haƙuri. Yaro ne, ba shi da hankali."

Sifirin ya yi ƙara, bodi ya ɗan ɗaga.

Ya sake ƙara. Ya sake.

A sha bakwai ya daina ƙirgawa. Ƙura na tashi a ƙasa, sawu bayan sawu, duk sun nufi rijiya.

Muryar mace ta zo daf da kunnensa, sanyi ƙalau. "Mun gode, direba. Sai dai ɗayanmu ba nan zai sauka ba."

"Ina ne?"

"Zai buga maka."

Washegari motar ta kai iyalinsa ta dawo da su, allurar mai da ƙyar ta motsa, salansa ko ɗumi sosai bai yi ba. Sai-Gaba kuwa yanzu ko tsuntsu ya sauka a rufi sai ya taka birki.

Amma babur ɗin Kunne ya fara shan mai, tayar baya kullum a danne. Bai kwance shi ya duba ba. Ya hana 'ya'yansa hawa, ko autar ta yi kuka ba ya ɗaukarta. Wata huɗu ke nan yana tafiya a hankali a gefen titi, ƙafarsa a kan birki, yana jiran a taɓa masa kafaɗa.