Sarkin Na'am da Kyaftin Ɗinsa

A ajin koyon hira da Turanci da ke birnin Busan na Koriya ta Kudu, inda masu neman aiki ke gyara bakinsu kafin intabiyu, Pyo Dong-ha ya fara ganin Ok Se-rin. Malama ce ta haɗa su: ɗaya ya faɗi ra'ayi, ɗaya ya yarda ko ya musa.

Dong-ha saurayi ne mai difloma a harkar kasuwanci, mai tsananin gudun kuskure. Tun da wuri ya lura cewa musu yana bukatar hujja, hujja tana bukatar dogon Turanci, dogon Turanci kuwa nan kuskure yake kwana. Saboda haka kalmomin yarda kaɗai ya haddace, ya kuma ƙware a kansu.

Se-rin ta ce taliya mai ƙanƙara ta fi daɗi a lokacin sanyi.

"Absolutely," in ji shi, wato ƙwarai kuwa.

Sai ta faɗi abin da kowa ke mata dariya a kansa: tana son zama matuƙiyar jirgin ruwa.

"I'm with you," ya ce.

Ba wanda ya taɓa ce mata yana tare da ita. Kafin kaka ta shigo ganyen bishiyoyi su yi ja, ta koma kiransa Yaya, shi kuma yana ce mata Kyaftin.

Sai ga Bang Tae-o ya shigo ajin, ɗan aminin mahaifinta, mai mota, wanda tsohon ya fi so ya zama surukinsa. Ranar da aka haɗa shi da Dong-ha, ya kalli Se-rin da gangan, ya ce teku ba wurin mata ba ne.

Bakin Dong-ha ya riga hankalinsa. "Absolutely."

Da la'asar saƙonta ya shigo: "Sarkin Na'am, ashe ko akuya ce ta yi kuka za ka ce kana tare da ita? Gobe Baba na son ganinka. In ka ga dama ka yarda da shi ma."

Ya amsa: "Kyaftin, kina da gaskiya."

Ta rubuto: "Ka gani ko!"

Washegari ya sa kwat, ya ɗauki kwalin 'ya'yan itace, ya nufi shagon miyar kifin Baba Ok, mahaifin Se-rin. Tsohon ya kwana yana wasa harshensa domin faɗa. Ya zuba masa shayin sha'ir, Dong-ha ya karɓa da hannu biyu. Se-rin na gefe tana goge teburin da ta riga ta goge.

"Samunka bai taka kara ya karya ba."

"Haka ne, Baba."

"Tae-o ya fi ka komai."

"Ko shakka babu, Baba."

"Ba ka dace da 'yata ba!"

"Ni ma na sha tunanin haka, Baba."

Tsohon ya waiwayi 'yarsa. "Ke, ina kika samo wannan? Mutum ya shirya dambe, an kawo masa matashin kai!"

Se-rin ba ta yi dariya ba. Tsohon ya sake juyowa kan Dong-ha.

"To, mai biyayya ba ya rasa amfani. Zan ba ka ita da sharaɗi: ka raba ta da haukan jirgin nan, ta zauna ta riƙe shago. Mun yarda?"

Ga aure an miƙo masa a kan kalmar da ya fi kowa iyawa. Ya dubi Se-rin, ya ga tsumman hannunta ya tsaya cak. Ya ajiye kofi.

"A'a, Baba."

"Me ka ce?"

"A'a. Ku gafarce ni. Duk abin da kuka faɗa a kaina gaskiya ne, amma a kanta kun yi kuskure. Za ta tuƙa jirgi. In ya so ni na koyi dafa miyar."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya fashe da dariya har da buga tebur.

"Ashe akwai namiji a cikin kwat ɗin nan! Ni tun tana rarrafe nake musu da ita ban taɓa yin nasara ba. Ɗaura gyauton girki, ga albasa can tana jiranka."

Da bazara aka yi biki, bayan Se-rin ta samu gurbi a makarantar jiragen ruwa. Tae-o ma ya zo, ya ci abinci sosai. Da mai ɗaura auren ya tambayi ango ko ya yarda, sai muryar Baba Ok ta taso daga layin gaba:

"Wannan ai ba a tambayarsa! Yi masa tambaya mai wuya!"

Zauren ya ɗauki dariya. Amarya ta matse hannun angonta, ta raɗa masa, "Faɗa mana, Yaya. Wannan amsar kam na san tawa ce ni kaɗai."

Ya ce na'am da ƙarfi. Tsohon ya share ido da hannun riga, ya sa musu albarka: teku ta kwanta wa 'yarsa, miyar surukinsa kuma kada gishiri ya yi mata yawa.