Guzurin Hindu

Ranar da abin ya fara, Zaharaddini yana zaune a tsakar gida da yamma, kwano a gabansa, yana matsa lemun tsami a kan wasu ƙananan ƙarafa. Ƙauyensu yana kusa da Suki a ƙasar Sudan, tsakanin kogi da gonakin ban ruwa. Gidan ya yi masa faɗi tun da matarsa Sakinatu ta rasu, 'ya'yansa maza kuma suka tafi arewa haƙar zinariya. Saura shi da autarsa Tasneem, 'yar shekara goma sha shida, wadda take jin Hausa amma ba ta mayarwa sai da Larabci. Sukan wuni ba su haɗa magana goma ba.

Babban ɗansa ne ya bar masa na'urar neman ƙarfe, wadda suke kira jihaz. Zaharaddini bai taɓa sa ran zinariya a wannan baƙar laka ba. Yana dai ɗaukarta ya zaga gefen gona, domin ƙarar da take yi masa a kunne ta fi shiru daɗi. Ƙusoshi yake samu, da guntayen garma. Ran nan kuwa, a gindin tsohon gawon da ke iyakar gonarsa, ta yi kuka mai tsawo. Ya tona kamar kamu ɗaya, ya tarar da ruɓaɓɓiyar fata, cikinta kuɗaɗe sun manne da juna, kore shar da tsatsa.

Ya san kuɗin Turkawa, ya san na zamanin Mahadi. Waɗannan ba su ba ne. Kowanne da huda a tsakiya, har ya zaci millimin Masar ne na da. Amma da ya goga ɗaya da toka, sai tauraro mai kusurwa shida ya fara fitowa kewaye da hudar.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya leƙa waje, babu kowa a lungun. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro har gaban tabarmarsa, jiƙe da laka irin ta gindin gawo. Kajin suka yi tsit. Da ya waiwaya sai ya ga Tasneem ta zauna a inda ya tashi, ta miƙe ƙafafu kamar tsohuwa, tana zura kuɗin a zare ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya tono ajiyag ga?" in ji ta.

Muryar ba tata ba ce. Hausa ce irin ta kakarsa, wadda rabonsa da jinta shekara arba'in.

Kamata ya yi ya nemi taimako tun a daren. Bai nema ba. Kullum da magariba duwatsu su zubo, yarinyar ta zauna, muryar ta zo. Ta tambaye shi ko an yi ruwa bana, ko har yanzu ana dama fura da nono, ko mutanensa daga wane gari suka taso. Shi kuwa ya yi ta amsawa. Da safe Tasneem ba ta tuna komai, sai dai ba ta cin abinci, idanunta suna ta faɗawa. Rana ta biyar ta faɗi a bakin murhu, kaɗan ya rage ta ƙone. Sai a lokacin ya aika garin Abu Hujar a ɗauko Faki Bilyamin, malamin da aka sani da ruƙiyya.

Fakin ya iso da la'asar, dattijo siriri mai tabarau. Bai fara da yarinyar ba. Ya karɓi kuɗi ɗaya, ya ɗiga masa man fitila, ya karce da tsinke, ya juya shi ga haske. Ya ce wannan anini ne, kuɗin Nijeriya na farkon zuwan Nasara, ga Larabcin a jiki, ga shekara, dubu ɗaya da ɗari tara da goma sha ɗaya. Kakansa ma ya zo da irinsa a ɗamara. Guzurin maniyyaci ne da ya taho a ƙasa.

Da rana ta faɗi ya fara karatu. Dutse ɗaya kawai ya faɗo. Tasneem ta sandare, sannan ta miƙe ƙafafu, muryar ta ce a bar ƙona ta, za ta yi magana.

Ta ce tun daga wata kuka a ƙasar Sakkwato ta biyo wata mata mai suna Hindu, shekara huɗu suna tafe. A nan ciwo ya kama Hindu. Ta binne kuɗin jirgin da zai ƙetare da ita teku, ta dafa gawon ta ce duk mai ji ya riƙe mata har ta warke. Aka ɗauke ta zuwa cikin gari. Ita mai muryar kuwa ta ji, ta riƙe.

"Ta ji sauƙi?" muryar ta tambaya.

Faki Bilyamin ya ɗaga aninin. Ya gaya mata shekarar da ke jikinsa, ya gaya mata shekarar da ake ciki. Ya ce Hindu ta daɗe da komawa ga Ubangijinta, kuɗin nan ko a Nijeriya ba a karɓarsu, amana ta sauka daga wuyanta.



Sai muryar ta fara ciniki. A bar ta a jikin yarinyar shekara guda. Fakin ya ƙi. To har girbin dawa. Ya ƙi. To magariba kaɗai, ba za ta ƙara hana ta abinci ba.

Muryar ta ce, "Tambayi mai gida, Malam. Kwana biyar muna hira. Shi ma ba ya da kowa."

Fakin ya juyo ya dubi Zaharaddini ta saman tabarau. Zaharaddini ya dubi wuyan hannun 'yarsa, ya ga yadda awarwaron uwarta yake zamewa har gwiwar hannu.

"Ki tafi, Inna," ya ce. "Ɗiyata ce. Ita kaɗai ta rage mani."

Muryar ta roƙi abu ɗaya, a mayar da kuɗin inda suke. Ta yi musu sallama irin ta matafiya. Tasneem ta yi atishawa sau uku, ta kwanta, barci ya ɗauke ta.

Da safe Zaharaddini ya binne aninan a gindin gawon, ya daddale ƙasar da ƙafa. Fakin ya gargaɗe shi kada ya koma wurin, kada ya amsa kiran da bai ga mai yinsa ba. Zaharaddini ya nannaɗe jihaz a buhu ya tura ƙarƙashin gado.

Da yamma Tasneem ta ci kwano guda na tuwon asida. Ta kawo masa shayi, ta tambaye shi da Larabci ko sukari ya isa, ta koma ɗaki da wayarta. Aka kira magariba, ya yi salla, ya zauna a tabarmar. Har shayin ya huce yana sauraren kwanon rufi. Babu abin da ya faɗo.